Ana Neman Busasshen Kanal

"Nan ma ya yi kore da yawa," in ji Safwan, ya sake ɗage gilashin motar. "Direba, mu ƙara gaba."

Karo na huɗu ke nan tun da suka baro Kura. Joanna tana zaune a baya, jakar kyamara a cinyarta, ta mai da fuska waje don kada a ga yadda ta taɓe baki. Dama da hagu albasa ce da tumatir da alkamar da ta fara ja, babban kanal kuma cike yake fal, ruwan yana tafiya a hankali. Shekara tara tana yawo a gonakin nan a matsayin jami'ar Gidauniyar Inuwar Manoma, ba ta taɓa ganin wanda ya zo ya kalli wannan albarka ransa ya ɓaci ba sai yau.

Turawan da suke tallafa wa gidauniyar sun janye tun bara. Shugabanta, Malam Dattijo, ya kai ga maganar rufe ofis, sai wani ya haɗa shi da Safwan, matashi ɗan Kano mazaunin Abuja, wanda katinsa ya ce shi masani ne kan yaɗa labari da nemo tallafi. Jiya ya tara su a ofis ya yi musu lacca ta awa biyu, yana nuna hotuna a bango. Abin da Joanna ta tsinta a ciki bai wuce jimla ɗaya ba: mai kuɗi ba ya karanta rahoto, fuska yake kallo, kuma fuskar ta kasance tana kuka.

"Malam Safwan," ta ce, "na faɗa maka jiya, matanmu ba ruwa suka rasa ba. Tumatir ne ya yi musu yawa. Ka je Kwanar Gafan yanzu ka ga yadda ake zubar da shi a bakin titi. Abin da suke nema rumfar shanya ce mai tsabta, su yi kauɗa su ajiye har damina."

Safwan ya juyo ya yi mata irin murmushin da ake yi wa ɗalibin da ya yi ƙoƙari amma bai ci ba.

"Anti Joanna, na gane, wallahi na gane. Amma ki sa kanki a matsayin wata mata a Landan, tana cikin jirgin ƙasa tana latsa waya. Ta ga tulin tumatir ja-wur. Me za ta ce? Cewa za ta yi, a'a, waɗannan ai sun ƙoshi. Yalwa ba ta sa mutum ya taɓa aljihu. Ƙishirwa ce take sayarwa. In kuɗin ya shigo, ku gina rumfarku, wa zai hana ku?"

Anita, mai ɗaukar hoton da ya zo da ita, ba ta jin Hausa sosai. Ta ɗaga kai daga wayarta ta gyaɗa, ta koma.

Joanna ta kalli ƙafafunsa. Farin kambas ne, fari tas, irin wanda ba a taɓa taka kashin akuya da shi ba. Tun safe take kallon takalmin nan kamar shi ya yi mata laifi.

"To wai duk faɗin yankin nan," ya ce, "babu kanal ko ɗaya da ya bushe?"

Akwai. Ta wajen Bunkure akwai wani ƙaramin reshe da manoman wurin suka sa aka rufe kwana biyar don su yashe shi. Da safiyar nan ma Surajo, shugaban manoman reshen, ya kira ta kan maganar iri, ya ƙara da cewa sun gama gayyar jiya, yau da sha biyu za a buɗe ƙofar ruwa. Ta duba agogon wayarta. Goma da 'yan mintuna. A ranta ta hango farin takalmin nan tsamo-tsamo a cikin laka, mai shi yana tsalle.

"Akwai wani," ta ce. "Amma sai mun fara biyawa mun ɗauki Hajiya."

Hajiya Fatsuma ita ce shugabar ƙungiyar mata ta ƙauyensu, mace mai shekara sittin da wani abu. Tun kafin motar ta tsaya suka jiyo tsamin tumatir. A filin bayan gidanta mata sun baje shi a kan buhuna a ƙasa, an tsaga shi biyu-biyu, ƙuda ya yi masa baƙi, wata tsohuwa tana korar awaki da kara. Safwan ya toshe hanci da bayan hannu, ya wuce bai ko waiwaya ba.

Hajiya ta fito a cikin leshi ruwan ƙasa da mayafi mai aiki, da 'yan kunne na zinare, tana ɗan ɗingisawa saboda gwiwar da ta dame ta shekara da shekaru. An ce mata duniya za ta gan ta, ta shirya wa duniya.

"Juwana, sannunku da zuwa. Wannan ne baƙon?"

Safwan ya ɗan rusuna ya gaishe ta, gaisuwa mai kyau, har da tambayar iyali. Sannan ya ja Joanna gefe.

"Ba za ta yiwu a haka ba. Kamar matar kwamishina. Ki ce ta sa wani abu tsoho."

"Ga ta nan, kana jin Hausa, tana ji."

Ya faɗa mata da kansa, yana kewaye-kewaye. Hajiya ta saurare shi har ya gama, ta dube shi daga hula har takalmi.

"Ɗan nan, tsumma kake nufi?"

"A'a Hajiya, kayan aiki dai. Na yau da kullum."

Hajiya ta kira Joanna cikin zaure, ta rage murya.

"Wannan abin shi zai kawo mana rumfar?"

"Haka aka ce, Hajiya."

"Ba abin da aka ce na tambaye ki ba. Ke na tambaya."

Joanna ta tuna ofis, ta tuna 'ya'yanta biyu da suke makaranta a Kura, ta tuna cewa a shekarunta ba wanda zai ɗauke ta sabon aiki.

"Shi zai kawo," ta ce.

Hajiya ta shiga ciki. Ta fito da wani koɗaɗɗen zanin atamfa da take ɗaurawa in za ta tsaga tumatir, da silifas, kunnuwanta babu komai. Matan filin suka bi ta da kallo, wata ta fara dariya, Hajiya ta juya ido sau ɗaya dariyar ta mutu.

Sha ɗaya da rabi saura suka isa reshen. Safwan ya fito daga mota ya buɗe hannuwa kamar wanda aka yi wa bushara. Kanal ne na siminti, zurfinsa zai kai ƙirjin mutum, a bushe ƙayau, an tara lakar da aka yaso a gefe ta tsattsage a rana. Bayan lakar da taku goma masara ce kore shar.

"Anita, ki sunkuyar da kyamara, kada masarar ta shigo," ya ce da Turanci. Ya diro cikin kanal ɗin ya auna wuri da ido. "Hajiya za ta sauko nan."

Joanna ta ɗago kai. A lissafinta Hajiya a baki za ta tsaya, shi ne zai yi ta safa da marwa a ciki.

"Ba za ta iya tsayawa a sama ba? Gwiwarta."

"A sama masara za ta fito. Minti goma ne, Anti."

Kalma shida kawai ake bukata: sha biyu za a saki ruwa. Ta ji su a bakinta. Amma in ta faɗa, zai tambaye ta tun yaushe ta sani, kuma zai tattara kayansa ya fita da takalminsa fari yadda ya shigo. Ta sake duba waya. Akwai rabin awa. Kuma tun da take, ba ta taɓa ganin an buɗe ƙofar ruwa a kan lokaci ba. Ta kama hannun Hajiya ta taimaka mata ta sauka, a hankali, da baya da baya, tana cewa wash.

"Yauwa. Hajiya, ki kalli nan. Ki ce, shekara uku rabonmu da ganin ruwa."

"Ban gane ba."

"Shekara uku rabon..."

"Na ji, ban dai gane ba. Da safen nan na baro ruwa a gonata. Ni gidan malamai na fito, ɗan nan. Ƙarya ko a gaban na'ura aka yi ta, ƙarya ce."

Safwan bai ji haushi ba, da alama ya saba. Ya ɗan yi tunani yana shafa gemu.

"To ki ce, ku dubi kanal ɗin nan, babu ko ɗigon ruwa a cikinsa. Ai wannan gaskiya ne ko?"

Hajiya ta dubi ƙasan ƙafarta. "Wannan gaskiya ne."

Ta faɗa. Ya ce ta sake. Ta sake, ya ce ta yi kamar mai ba da umarni, ta sassauta murya. A karo na biyar wani babur ya wuce ya ɓata sautin. A karo na bakwai ya ce maganar ta yi, fuskar ce ba ta yi ba. Rana ta take, simintin yana mai da zafi sama. Joanna tana tsaye a baki ta harɗe hannuwa, tana ƙare wa yaron nan kallo, yadda yake lanƙwasa wuya yana leƙa bayan kyamara kamar likita a kan mara lafiya, tana tunanin irin labarin da za ta ba mijinta in ta koma gida.

"Hajiya, ina so ki tuna wani abu mai ciwo. Maigida yana raye?"

"Yana gida, na bar shi yana shan fura."

"Masha Allah. To cikin 'ya'ya fa? Babu wanda Allah ya karɓa?"

Hannuwan Joanna suka sauka. Shekara biyu ke nan da rasuwar Aziza, 'yar autar Hajiya, wajen haihuwa. Joanna tana cikin waɗanda suka zauna da ita kwana uku. Tun daga ranar ba a ambaton sunan a gabanta.

Hajiya ta gyara bakin zaninta, ta sake gyarawa.

"Akwai," ta ce.

"Ya sunanta? Ko namiji ne?"

"Aziza."

"Allah ya jiƙanta. Ki riƙe ta a ranki, ki kalli kyamara, ki sake faɗa min maganar kanal."

Ta buɗe baki, maganar ta ƙi fitowa. Matar da dillalan tumatir suke shakkar yi wa tayin banza, ga ta tsaye a ramin siminti da silifas, hawaye yana bin kumatunta. Safwan ya ɗaga yatsa ɗaya sama, alamar kada kowa ya yi motsi.

A cikin wannan shirun Joanna ta ji ƙarar. Wani sassanyan shuu ne daga yamma, kamar ana jan tabarma a ƙasa. Ta juya. Ruwan ya karyo kwana, jajawur da laka, yana turo kara da ledoji da busasshiyar ciyawa a gabansa.

"Ruwa! Hajiya, fito! Ruwa!"

Anita ta cafe kyamararta ta haye sama da tsalle ɗaya. Safwan ya riga ta. Hajiya ta juya ta kama bakin simintin, ta ɗaga ƙafa, gwiwar ta ƙi. Ruwan ya daki ƙaurinta, silifas ɗaya ya tafi, ƙafar ta zame ta zauna daɓas, ruwa har ƙugu, tana salati.

"Anita, kada ki kashe! Ci gaba da ɗauka!" in ji Safwan da Turanci.

Joanna ta diro. Sanyin ruwan ya ratsa ta, kuma ya fi ƙarfin yadda ta zata. Ta rungumo Hajiya ta baya, direba ya miƙo hannu daga sama, da ja da turi suka fito da ita. Ta zauna a kan lakar da aka yashe tana haki, zanin ya manne mata a jiki, ɗankwalinta ya zame, furfurarta a waje. Joanna ta cire gyalenta ta rufa mata.

Safwan yana can gefe ya dafa kafaɗar Anita, sun haɗa kai a kan ɗan allon kyamarar. Ko ɗigo bai taɓa takalminsa ba.

"Kai! Kai! Kin ga wannan? Mayar baya. Nan, nan." Ya ɗago, idanunsa suna ƙyalli. "Anti Joanna, zo ki gani. Tana kuka, kanal a bushe, sai ga ruwa. Mu yanke daidai kafin ta faɗi, mu sa kiɗa, mu rubuta a ƙasa: da taimakonka, ruwa zai zo. Ko a Legas aka shirya wannan ba za a samu haka ba. Hajiya, sannu, sannu. Ba ki ji ciwo ba dai ko?"

Bai jira amsa ba ya koma kan allon.

Ƙarar babur ta matso. Surajo ne, yana bin ruwan don ya ga ko akwai inda ya toshe, wandonsa a naɗe. Da ya ga mota da mutane sai ya tsaya, da ya gane Hajiya sai ya yar da babur ɗin ya durƙusa.

"Subhanallahi! Hajiya, me ya kawo ki cikin kanal?" Ya ɗago ya ga Joanna tana ɗigar ruwa. "Haba Malama Joanna! Ba da bakina na gaya miki da safe ba? Na ce miki sha biyu za a buɗe!"

Ruwan ya ci gaba da wucewa, yanzu ya fara washewa.

Hajiya ta juyo a hankali ta dubi Joanna. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kin sani?"

"Hajiya, ban ɗauka za a buɗe a kan lokaci ba. Kuma ba ke na..."

"Ba ni kika nufa ba. Shi kika nufa." Ta nuna Safwan da haɓa ba tare da ta kalle shi ba. "Na gan ki tun a gida, kina kallonsa kamar kin ga kashi. Kina so ki ga ya ji kunya, sai kika riƙe hannuna da hannunki kika saukar da ni."

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

"Shi wannan bai san ni ba. Da ni da buhun taki duk ɗaya ne a wurinsa, ban kuma ji zafinsa ba, abincinsa yake nema. Ke kuwa kin ci tuwo a ɗakina. Kina tsaye ya tambaye ni Aziza."

Ta cire gyalen daga kanta ta miƙa wa Joanna, ta ɗaure jiƙaƙƙen ɗankwalinta da kanta.

"Surajo, tsayar min da adaidaita a titi."

"Hajiya, ga mota," in ji direba.

"Na gode, ɗan nan. Na hau ta ɗazu."

Surajo ya tafi ya dawo da adaidaita har bakin kanal. Hajiya ta ƙi hannun Joanna, ta dafa ƙarfen ta shiga, ƙafa ɗaya da silifas ɗaya babu. Kafin a ja ta leƙo.

"In rumfar ta zo, a kawo. Hakkin matan nan ne, na biya musu. Amma a aiko wani."

A mota Joanna ta zauna a kan leda don kada ta jiƙa kujera. Ta jira Safwan ya fara faɗa. Ta ma shirya amsar da za ta ba shi, mai zafi, wadda za ta sa a kore ta kafin la'asar, kuma a lokacin ji take hakan zai fi mata sauƙi. Sun kusa hawa kwalta ya juyo gaba ɗaya, ya ɗora hannu a kan kujera, yana kallon ta da wani sabon girmamawa.

"Anti Joanna, na raina ki, ki yafe ni. Ashe kin fi ni sanin aikin nan. Da kin gaya min, da na tsaya ina shirya abu, da ya fito kamar wasan kwaikwayo. Firgicin nan na gaske, ba a sayensa."

Kafin ta ce wani abu ya danna waya ya sa a sifika.

"Ranka ya daɗe, an gama. Mun samu abin da ya fi wanda muka fita nema. Kuma ba ni za ka gode wa ba, Anti Joanna ce. Ita ta zaɓi wurin, ita ta zaɓi lokacin."

Muryar Malam Dattijo ta cika motar, tana rawa don murna.

"Joanna? Kina ji na? Kin ceci ofishin nan, kin ceci abincin mutum goma sha ɗaya. Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuri'a."

Safwan ya miƙo wayar dab da bakinta. Direba ya kalle ta ta madubi. Ruwa yana ɗiga daga siket ɗinta yana taruwa a ƙasan motar.

"Amin, Oga," ta ce.